Kurciya Ba Ta Shiga Rana

6 ga Satumba

Zuwa ga ɗiyata Mai Guga,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ku lafiya, ke da Kurciya, kamar yadda ta bar ni, in har ana kiran wannan lafiya. Gwiwar hagu tana nan da halinta, kunne kuwa ya ƙara nisa. Shekaranjiya Mai Kemis na bakin layi ya tsaya a kaina yana buɗe baki yana rufewa kamar kifi, ni kuma ina ta gyaɗa kai ina cewa haka ne. Sai daga baya na gane cewa yake yi na zauna masa a kan tabarau. Saboda haka kada ki sake tayar min da maganar waya. Abin da ban ji daga mutumin da ke gabana ba, ba zan ji shi daga ƙetaren teku ba. Takarda dai ba ta taɓa ɗaga min murya ba.

Shago yana nan. Agogo biyu ko uku nake gyarawa a mako, su ma na tsofaffi ne irina, masu son su san ƙarfe nawa ne alhali ba inda za su. Mai Kemis ɗin nan ya ga ina manna kan sarki, ya tambaye ni wai yaya muke da ke. Na ce kakana da kakan mahaifiyarki wa da ƙani ne. Ya ƙirga a yatsunsa ya ce wannan ai ba zumunci ba ne, labari ne. Na ce masa lokacin da kika tafi neman aiki, masu zumuncin na kusa duk sun sami uzuri, mu masu labarin ne muka karɓi 'yar shekara biyu, ni da marigayiya Goggonki, muka riƙe ta shekara shida tana barci a tsakanin agoguna. Bai ƙara cewa komai ba, ko kuma ya ce ban ji ba.

Yanzu ga ƙarar da na kawo. Na san ke kike faɗa Kurciya take rubutawa, tunda kin ce guga ya cinye miki yatsu. To ki ce mata wasiƙar da ta wuce ta ba ni kunya. Ni na kama hannunta na koya mata rubutu a kan teburin aikina, baƙaƙenta a tsaye suke kamar an auna da ma'auni. Wannan karon kuwa layi ya fara daga sama ya gangara kamar jaki ya ga gida, wasu kalmomin ma kamar kaza ce ta taka tawada ta bi ta kai. Yarinya 'yar sha bakwai in hannunta ya fara rawa haka, ko dai lalaci ne ko kuma akwai wani mai gashin baki uku da yake tsayawa a ƙofar makaranta. Ki bincika min. In na biyun ne, ki ce masa akwai wani tsoho mai sukudireba.

Kin ce ta faɗi a matakala sau biyu. Ki duba takalmin, 'yan matan yanzu a kan tsinke suke tafiya.

Sai kuma abin da kika saba ji, ba zan gaji ba. Kada ki bari ta shiga rana. Ke ba ki nan ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin shago tana shekara biyar, haɓo ya jiƙe min riga har ciki, na ɗauke ta a guje ba takalmi a ƙafata. Wannan yarinya jininta ba ya son rana. Lema, dogon hannu, inuwa.

Ni ne Kawunki,
Mai Agogo

19 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaishe ka da ladabi. Yaya gwiwa, yaya shago? Allah ya ƙara sauƙi. Za ka ga rubutun nan ya bambanta, nawa ne. Kwana uku ina yinsa a lokacin hutun cin abinci, a kan injin naɗe zannuwan gado, ka yi haƙuri da tabon ruwa.

Kawu, babu mai gashin baki. Da ma shi ne.

Hannunta ne ya sage. Ta ce tun wajen wata uku da suka wuce take jin kamar tururuwa na tafiya a yatsunta, ta ɓoye min don kada in rasa kwanan aiki. Ranar da wasiƙarka ta zo ita ta karanta min, ta yi dariya a wurin kaza da tawada, sannan ta shiga banɗaki ta daɗe. Bayan kwana biyu ta tashi da safe ta ce, “Umma, kin kashe fitila ne?” Fitila na kunne. Idonta na dama ne ya yi hazo.

Mun kwana tara a asibiti. Sun sa ta a wata na'ura mai kama da rami, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta, suka ɗebi ruwa a gadon bayanta da wata doguwar allura. Likitar jijiya, wata mace mai furfura da ba ta gaggawar magana, ta zaunar da mu ta ce sunan ciwon em-es. Ta ɗauko wayar cajin wayarta ta nuna min. Ta ce jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓɓai suna da riga kamar robar nan, to garkuwar jikin Kurciya ce ta rikice take cin rigar. Inda ta ci, saƙo ba ya wucewa daidai. Ba ya warkewa. Amma akwai maganin da ake sa mata ta ƙarin ruwa sau ɗaya a wata, yana riƙe shi kada ya yi gudu. Asibitin ke bayarwa tunda tana da takardar zama.

Na ce daga ina ya zo? Ba mu da shi a dangi. Ta ce ba abu ɗaya ke kawo shi ba, akwai na gado, akwai na wasu ƙwayoyin cuta, akwai wanda su ma ba su sani ba. Amma ta ce sun auna jininta, sinadarin da ake kira bitamin D ya kusa zama babu, kuma an lura waɗanda suka taso da ƙarancinsa sun fi kamuwa, wasu ma da wuri. Fata ce ke yinsa in rana ta taɓa ta, kuma fata irin tamu tana buƙatar rana mai yawa, ga shi ranar garin nan kamar fitilar da batirinta ya yi sanyi. Sai ta tambaye ni, “Tana fita waje? Tana wasanni?”

Kawu ka san ɗakinmu, na sha faɗa maka. Rabinsa a cikin ƙasa yake, tagarmu takalman masu wucewa kawai take nunawa, ita ma na sa mata labule mai kauri. Kowace shekara nakan rubuta wa makaranta a cire ta daga wasannin fili. Yara na waje, ita tana ɗakin karatu. Motar makaranta daga ƙofa zuwa ƙofa. In an sami ranar hutu mai haske, mutanen garin nan duk su baje a ciyawa kamar shanya, mu kuwa mu ja labule muna yi musu dariya. Shekara tara.

Na ce wa likitar tun tana ƙarama aka hana ta rana, Kawuna ne ya hana, ni kuma ban taɓa saɓa maganarsa ba. Ta rubuta wani abu a takarda.

Yanzu tana shan ƙwayar bitamin ɗin kullum. Idon ya ɗan washe. Ka sa mu a addu'a, ka kuma rubuto da wuri, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan sai kai.

Ɗiyarka

12 ga Janairu

Kawu,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Wata uku ke nan ina buɗe akwatin wasiƙu ina samun takardun talla. Ko ciwo kake yi? Ko wasiƙata ba ta zo ba? In wani abu na faɗa da bai dace ba ka yafe min, ni ban iya jera magana a takarda ba.

Ciwon ya dawo a watan jiya, wannan karon a ƙafar hagu. Tana jan ta. Sun ba ta sanda, ta ce ba za ta riƙe ba, sai da ta faɗi a gaban 'yan ajinsu. Yanzu ta daina zuwa makarantar ma. Likita ta ce maganin yana ɗaukar lokaci kafin ya kama sosai, mu yi haƙuri. Haƙuri a ina, Kawu? Ina fita da duhu, in shiga ƙarƙashin otal ɗin da nake aiki, inda babu taga ko ɗaya, sai farar fitila da tururi, in fito da duhu. Ita kuma tana zaune ita kaɗai. Na cire labulen na jefar. Ta jawo kujera gaban taga tana jiran rana, rana ba ta zuwa. Kwana ashirin da shida na ƙirga, sama kamar tsohon bargo. Jiya na dawo na same ta ta naɗe hannun riga ta miƙa hannayenta a gilashi, tana cewa, “Umma, ina shanya, kada ki taɓa.” Na yi dariya don ta ga na yi.

Doguwa, wadda muke aiki a inji ɗaya, ta ce min abu guda da ya tsaya min a rai. Ta ce in rashin ruwa ya sa shuka ta yanƙwane, ai ruwa ake ba ta. In rashin rana ne ya kawo ciwon nan, me ya sa ba za a kai ta inda rana take ba? Na yi ta juya maganar. A gidanka rana har ta yi yawa.

Na faɗa wa likita, ta ce ba ta goyi bayan haka ba. Amma su mutanen nan me suka sani game da rana? Ba su taɓa ganin ta gaske ba.

Abu ɗaya ne ke riƙe ni. Takardar zamanta a jikin tawa take har ta cika sha takwas. An ba mu ranar 22 ga Maris ta je ofis da ƙafarta a yi mata tata. In ba ta je ba, ta zama baƙuwa, sai ta nema daga waje, kuma an ce mai irin ciwon nan ko duba takardarsa ba sa yi. Maganin kuma da takardar yake tafiya. Amma kafin Maris me zai rage mata? Kowane mako yana ɗauke wani abu.

Kawu, kai ne babba. In ka ce in turo ta, zan turo. In ka ce a'a, shi ke nan. Ta ce za ta yi maka layi biyu a bayan takardar nan da fensir, ita za ta liƙe ambulan ɗin, wai sirrinsu ne da Kawunta.

Ɗiyarka

3 ga Fabrairu

Ɗiyata,

Na same ku lafiya? Ni lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba, kuma wasiƙarki ta zo a kan lokaci. Gara in faɗi gaskiya tunda na tsufa da ƙarya.

Na karanta har inda kika ce Kawunki ne ya hana, ke kuma ba ki taɓa saɓa maganarsa ba. A nan na tsaya. Na ga kamar kin miƙe tsaye a gaban likita kin nuna ni da yatsa. Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin akwatin ƙananan ƙusoshi, na yi fushi na mako guda, ina cewa a raina yarinyar da na yi wa riƙo ce yau take ɗora min. Da fushin ya wuce sai na tarar da abin da ke ƙarƙashinsa, shi ne ya fi nauyi. Na ɗauko duk amsoshinki na shekara tara, kowace a ƙarshenta akwai “mun ji, ba ta shiga rana.” Ni ina nan zaune gumi na ɗiga a kan agogon mutane, ina ba da umarni a kan wata rana da ban taɓa gani ba. Sau bakwai na ɗauki biro. Me zan ce? Sannu?

Sai ga wasiƙarki ta biyu, na ga ashe ba zargina kike yi ba, biyayyarki kike faɗa. Wannan ma bai fi sauƙi ba.

Amma kin ba ni hanya. Ki turo min ita. Ni na hana ta rana, ni zan biya ta. Kada ki jira wata takarda. Takardar ofis ba ta taɓa tayar da ƙafa ba, kuma in ta warke me za ta yi da izinin zama a cikin rami?

Na riga na fara shiri. Ɗakin Goggonki mai kallon gabas na buɗe, na fitar da tarkacen da na yi shekara huɗu ina tsoron taɓawa. Na sa an yi fenti. Jiya na zauna da agogo uku a tsakar gida ina auna rana kamar mai gwajin tsere: tana shiga tagar ƙarfe bakwai saura kwata, tana kan gadon har goma da rabi, daga nan sai a koma bayan gida inda take kaiwa la'asar. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ga tsoho a rana da agogo uku, ta aiko jikarta da ruwan sanyi da tambayar ko ta kira wani. Na ce a gaya mata baƙuwa zan yi.

Na ga rubutun Kurciya a baya. Na karanta farkon, “Kawu ina kewarka.” Sauran ya cakuɗe, fensirin kuma ba ya fita, idona ma ya ƙi ba ni haɗin kai a lokacin, kin gane. Ki ce mata in ta zo ta karanta min da bakinta, a kunnen dama, shi ne mai ɗan sauran imani.

Kawunki

27 ga Fabrairu
Saƙon gaggawa

Ɗiyata,

Gaisuwa a taƙaice. Kada ki turo ta. Ki sake karanta layin nan. Kada ki turo ta, ki yaga wasiƙata ta baya.

Na je wurin Mai Kemis da sunan maganin da kika rubuto, don a tanada kafin ta iso. Ya duba littafinsa, ya duba waya, ya kira wani, ya kira wani. Sai ya rubuta min a bayan kwali: babu. Ya ce in je babban asibiti. Na je, na zauna a benci daga safe har azahar, na ga likitan jijiya, yaro ne da bai kai shekarun wandona ba, amma ya yi min kirki, ya riƙa rubuta min amsa a takarda. Ga su nan a gabana. Ya ce maganin nan ba sa samunsa a nan, in ma an samu sau ɗaya ba za a samu wata mai zuwa ba. Ya ce ƙarancin bitamin yana iya buɗe wa ciwon ƙofa, amma in ya riga ya shiga, rana ba ta fitar da shi, ƙwayar da take sha ta isa ta cike abin da jini ya rasa. Ya ce zafi ma yana tayar wa masu ciwon da alamunsa. Na ƙarshe ya ja masa layi biyu: wanda ya fara wannan magani ba a so ya yanke shi haka kawai.

Na dawo shago ban san ta inda na bi ba. Na ɗauko wasiƙarki, na juya bayanta, na sa gilashin ido ɗaya da nake duba cikin agogo da shi. Shekara hamsin ina ganin ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba, amma layi huɗu na yarinyar da na goya na ce wai ba sa karantuwa. Suna karantuwa. Ban so in ga yadda hannun ya koma ba ne. Ga abin da ta rubuta:

“Kawu ina kewarka. Don Allah ka ce a'a. Likita ta yi min bayani, in na bar maganin zan rasa ƙafafuna da wuri. Umma ta gaji, ba ta barci, in ni na faɗa za ta ce tsoro nake ji. Maganarka kaɗai take ji. Kada ka ce ni na ce.”

Ga shi na ce ita ta ce, ta yafe min.

Na koma wurin Mai Kemis da gudu irin na gwiwa ɗaya, na ba shi lambar wayarki da ke cikin littafina. Ya kira sau shida. Wata murya ce take cewa babu wannan lambar. Ta shekara huɗu ce, ni na hana ki aiko da sabuwa, na ce ba ni da abin yi da ita. Sunan otal ɗin ma ban taɓa tambaya ba.

A gidan waya sun ce kwana goma in an yi sa'a. Ki kai ta ofishin nan ranar 22 ko da a goye ne.

Kawunki

23 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Kullum ina magana da Kurciya a wayarta, Mai Kemis ma yana ba ni labarin asibiti, Allah ya saka masa. Amma kai ba ka ji, shi ya sa na zauna rubutu.

Saƙonka na gaggawa ya zo ranar 10 ga wata. Jirgin Kurciya ya tashi ranar 6. A kan tabarmar ƙofa na same shi da na dawo aiki, na karanta a tsaye da jaka a kafaɗa.

Ranar da wasiƙarka ta 3 ga Fabrairu ta zo, ni na karanta mata da murna. Da na kai inda ka ce sauran rubutun ya cakuɗe, sai ta ce, “Shi ke nan?” Na ce shi ke nan. Ta ce, “To.” Ta tashi ta fara ninke kayanta da hannu ɗaya. Na ɗauka daɗi ne ya hana ta magana. Ƙarin ruwan watan ma ban kai ta ba, na ce me za a yi da shi.

Da kuka kira ni ranar da ta sauka, na ce a juyo da ita a jirgi na gaba. Kai ka ga abin da ya biyo baya, ni ji kawai na yi: zazzaɓi a kwana na uku, ƙafafu biyu suka sage a na biyar, likita ya ce ba inda za ta a haka.

Jiya 22. Na ɗauki hutun rabin yini na je ofishin ni kaɗai da hotonta da takardun asibiti. Na ja lamba na zauna. Da aka kira sunanta na tashi. Matar da ke bayan gilashi ta dubi hoton ta dube ni, ta ce, “Ina take?” Na yi bayani. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Ta ce ta ji tausayi, amma na'urar tana buƙatar yatsun mai takarda, kuma wanda ke wajen ƙasa ba a ɗaga masa rana. Ta ba ni wata takarda mai shafi goma sha biyu ta nema daga waje. Na tambaye ta ko ana samu. Ta gyara takardun gabanta ta kira lamba ta gaba.

Na koma aiki na gama zannuwan yamma. Doguwa ba ta iya kallona.

Ba na zarginka, Kawu. Na rubuta shi a fili don kada ka sake yin wata uku. Ni na haife ta, muna ɗaki ɗaya, sai da ta bi ta bayan takarda ta nemi wanda zai cece ta daga gare ni.

Ɗiyarka

30 ga Afrilu

Ɗiyata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, kina kuma cin abinci. Kurciya ta ce muryarki a waya kamar ta wadda ba ta ci. Mu muna nan. An sallamo mu mako uku da suka wuce. Ƙafar dama ta dawo rabi, ta hagu sai dai a ce tana nan. Da sanda biyu take zuwa banɗaki, ni ina biye da ita da gwiwata, in kin gan mu sai ki rasa wa ke rakiyar wa.

Ɗakin da na yi wa fenti kwana biyu ta yi a ciki. Da hasken rana ya hau gadon, ƙarfe tara bai yi ba idon ya yi hazo, hannun ya mutu, magana ma ta fara nauyi. Mun mayar da ita ɗakin tsakiya, wanda ba shi da taga, da fanka da jiƙaƙƙen tawul a wuya. In wuta ta ɗauke ni ne fankar, da murfin kwali. Ta ce min, “Kawu, na bar rami na zo rami, sai dai naka ya fi zafi.” Bakin nan nata ciwon bai taɓa shi ba.

Ƙwayar bitamin tana sha kullum. Likitan ya sake auna jinin ya ce yanzu ya cika. Ya faɗa yana murmushi, don ya sami abu ɗaya mai daɗi da zai faɗa. Ɗayan maganin an ce wani zai iya kawowa, sannan aka ce sai wata mai zuwa, sannan wanda ya faɗa ya daina ɗaukar wayar Mai Kemis. Takarda mai shafi goma sha biyu mun cike ta, ita tana faɗa ina rubutawa. A shafi na tara an tambaya ko mai nema yana da ciwo mai buƙatar magani na dindindin. Na ɗaga biro na dube ta. Ta ce, “Rubuta e, Kawu. Hoton ƙwaƙwalwata yana wurinsu.”

Maganar rubutun fensir sau ɗaya muka yi ta. Ina gyara wani agogon bango a bakin ƙofarta, ta yafito ni, ta sa baki a kunnen dama ta ce, “Ka karanta daga baya?” Na ce na karanta. Ta ce, “Da gilashin?” Na ce da shi. Ta ce, “Da ma na san sai da shi. Na yi ta cewa a raina, Kawu zai ɗauko gilashin.” Ba ta ƙara ba. Da ta zage ni da na sami abin riƙewa.

Kin tambaya ko ki bar aikin ki dawo. Ban san amsa ba, kuma ko na sani ba zan faɗa ba. Sau biyu na ba da umarni a kan yarinyar nan. Ki tambaye ta, ki kuma tsaya har ta gama magana.

Yau na kira birkila ya kafa mata ƙarfen dafawa a bango, daga gado zuwa banɗaki. Mutum ne mai tsabtar aiki. Ya auna tsayin ƙugunta, ya huda bango, ya gwada ƙarfen da nauyinsa. Da ya gama yana tattara kaya, sai ya tsaya yana kallon ƙofar banɗakin, ya buɗe awonsa ya gwada faɗinta. Ya matso ya ce min, da ƙarfi yadda zan ji, wai ya yi wa wani gida irin wannan aiki bara, bayan wata shida suka sake kiransa ya fasa ƙofa don keken guragu bai shiga ba. Wai ko ya yi duka yanzu tunda kayan aiki na nan, ƙurar ta zama ɗaya?

Na ce masa ya tattara kayansa, ba a kira shi duba ba. Na ce yarinyar nan da ƙafarta za ta shiga ta fita, wa ya ce masa keke? Ina cikin faɗa sai na ga ya daina kallona, ya juya wajen ɗakin tsakiya yana saurare. Ya daɗe a haka, sannan ya sunkuyar da kai.

Na ce, “Me ta ce?”

Ya sa baki a kunnena ya ce, “Ta ce a faɗaɗa.”

Gobe zai zo da guduma.

Kawunki,
Mai Agogo